Zuwa Madina: Abba da babban baƙi

Assalamu alaikum mutumin Zazzau,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ko uffan ban ce ba. To kai ma ai ba a ɗaure maka hannu ba, sai dai ko dabinon Madina ne ya cika maka baki.

Abba ne ya kusa jawo mini abin kunya. Ka san bana zai zauna jarrabawar aji 3 ta ƙaramar sakandare. Ran Talata ya dawo da littafin Turanci, malama ta yi masa kaca-kaca da jan biro. Ya rubuta "My Father is a tailor", ta zagaye F ɗin, wai ƙaramin baƙi ake so. Layi uku a ƙasa ya rubuta "I greeted father", nan kuma ta ce babba. Yaro ya ce malama ba ta ƙaunarsa ne kawai. Ni kuma da Turancina na bakin keke na goya masa baya, har na sa hula zan tafi makarantar. Allah ya rufa mini asiri uwargida ta tare ni a zaure.

Ashe malama ce da gaskiya. Uwargida ta ce kalma ɗaya ce mai riga biyu. In ka sa my ko his a gabanta, suna ne gama-gari, uba kamar na kowa, sai ƙaramin baƙi. In kuwa da ita kake kiran mutum, ta zama kamar sunan yanka, sai babba. Dabararta: cire kalmar ka sa sunan mutum a gurbin. "I greeted Musa" ta zauna daram, don haka Father. "My Musa is a tailor" kuwa ko kai ba za ka faɗa ba. Haka "my uncle" da "Uncle Musa". Na cire hulata na zauna.

Sai ɗan naka ya ɗago kai ya ce, to shi fa? Sunan marigayi Baba ya ci, alkunya ta hana mu faɗa, muke kiransa Abba. Ummi ma sunan Hajiya ne da ita. Wai su gama-gari ne ko na yanka? Uwar ta ce tunda da shi yake amsawa, har a rajistar makaranta, babban baƙi ya tabbata. Wallahi dariya na yi ta yi, mu da muka cika gida da Abba da Baffa da Inna tun kafin mu san akwai wannan doka.

Kuma ka ga talaucin Bature: kawu da baffa duk uncle, inna da gwaggo duk aunt. Ran rabon gado ban san yadda suke ganewa ba. Kai ka huta, Larabci ya raba ammu da halu, ga shi babu babban baƙi balle a zagaye maka.

Af, ango ya tare ran Juma'a, kuma har yau bai biya ni ɗinkin babbar rigar ba. In ya kira ka, ka yi masa zancen. Akwai abin da na so tambayarka kan tazbahar Hajiya, ya kwanta mini.

A yi mana addu'a a Rauda, musamman Abba.

Naka,
Bakanon da ya fi ƙarfinka