A Daina Auna Imanin Marar Lafiya Da Hawayensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wata ɗabi'a ta masu zuwa dubiya da masu zuwa jaje. Mutum ya faɗa cikin jarrabawa, ciwo ne ko rashi ko karayar arziki, da zarar an ga hawaye a idonsa ko an ji ya ce ya gaji, sai a hau shi da wa'azi: "Haba Malam, kamar kai? Ina imanin naka ya tafi?" Mai faɗin haka yana ganin nasiha ya yi. Wanda aka faɗa wa kuwa, bayan ciwon da yake fama da shi, an bar shi da zargin cewa ko Allah ma fushi yake yi da shi.

Ni malamin makaranta ne, na daɗe ina koyarwa kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ni. Hawan jini ne sanadi. Gudan jini ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwata, kuma kamar yadda likita ya yi wa iyalina bayani, ɓangaren hagu shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, a nan ne kuma cibiyar magana take a wurin yawancin mutane. Shi ke nan, hannun da nake riƙe alli da shi da bakin da nake neman abinci da shi suka tafi rana ɗaya.

Matata tana zaune a bakin gado, na san ita ce, na san duk abin da muka yi tare, amma sunanta ya ƙi zuwa bakina. In na so in ce ruwa, sai in ji na ce takalmi, ina jin kuskuren da kunnena amma ba ni da ikon gyarawa. Sai ga shi da lokacin salla ya yi, Fatiha ta fito daga bakina tun daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. 'Yata ta fashe da kuka tana cewa, "Baba ya warke, wallahi Baba ya warke!" Ban warke ba. Ana idarwa na koma ina nuni da hannu. Daga baya ƙwararriyar da ke koya wa irinmu magana ta ce wannan sanannen abu ne a wurinsu: abin da mutum ya haddace ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, kamar ƙirga, da sunayen ranakun mako, da waƙa, da karatu, yakan tsira ko da maganar yau da kullum ta ɓace. Na karɓi bayaninta, na kuma ɗauki abin a matsayin rahamar Ubangiji, ban ga inda biyun suka ci karo ba. Da wannan ma ta fara min aiki. Takan sa ni in ja kalma kamar mai rera karatu, ina buga hannun hagu a cinya, har kalmar ta kuɓuto.

Wannan ciwon kowa ya gan shi, kowa ya tausaya. Na biyun ne ba wanda ya so ya ji labarinsa.

Bayan an sallame ni daga asibiti, ƙafar masu dubiya ta ɗauke, kamar yadda aka saba. Sai barci ya ƙaurace min, in farka tsakar dare in yi ta kallon rufin ɗaki har a kira asalatu. Abinci ya fita raina. Jikokina da nake ɗokin jin motsinsu, sai na ce a daina shigo min da su. Kuka yakan zo min ba tare da wani ya ɓata min rai ba. Na daina zuwa wurin masu gashin ƙashi, domin ban ga amfanin ɗaga hannun da ba zai sake rubutu a allo ba. A wannan halin ne wani ya ce min in binciki tsakanina da Allah. Wani ya ce mai karatun Alƙur'ani ba ya shiga damuwa. Wata kuma ta lissafa min mutum uku da suka fi ni shan wuya, wai don in gode. Abin da duk wannan ya koya min shi ne in yi murmushi in an yi sallama, in ce "Alhamdulillahi, da sauƙi," in jira su fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in duk wanda ya shigo sai ya ce maka rufinka lafiya lau yake, dole ka yi shiru. Kuma wannan shirun shi ne mafi hatsari.

'Yata ce ta matsa sai mun koma wurin likita. Da ya gama yi min tambayoyi, ya ce kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga shanyewar ɓarin jiki yakan kamu da ciwon damuwa, wani ɓangare saboda asarar da ya yi, wani ɓangare kuma saboda raunin da ita kanta ƙwaƙwalwar ta samu. Ya ce in ba a kula da shi ba yakan ja wa sauƙin jiki baya, tunda mai shi ba ya motsa jiki, ba ya shan magani yadda ya kamata. Ma'aunin likitoci kuwa ba ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu ba ne. Sai an ga mutum ya yi aƙalla mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, ko abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta masu ciwon damuwa a duniya da kimanin mutum miliyan 280. Ba zai yiwu a ce dukansu rashin salla ne ya kai su ba. Ya rubuta min magani, ya gargaɗe ni cewa sai ya yi makonni kafin in ji aikinsa, kuma kada in yanke shi da kaina rana tsaka. Ya kuma haɗa ni da wanda zan riƙa zama da shi muna tattaunawa, duk da cewa a lokacin rabin tattaunawar da nuni nake yin ta.

Edita, abin da ya fi ci min rai shi ne masu wa'azin nan littafin da suke karantawa ba haka ya ce ba. Annabi Ya'ƙub (AS) ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a aya ta 84 ta Suratu Yusuf. Da 'ya'yansa suka ce masa ba zai daina ba sai ya halaka, amsarsa ita ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa da baƙin cikinsa. Shi ne fa wanda ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi, kuma Alƙur'ani bai ce kukan ya rushe haƙurin ba. Nana Maryam, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, cewa ta yi da ma ta mutu kafin wannan rana, ta zama abin da aka manta. Dubi amsar da ta samu a aya ta 24 zuwa ta 26 ta Suratu Maryam: kada ki yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinki, ki girgiza dabinon, ki ci, ki sha, ki kwantar da hankalinki. Babu tsawa ko ɗaya a ciki. Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke kan gargarar mutuwa, har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, sai ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta har yau.

Na san abin da aka hana: marin fuska, yaga tufa, kururuwar jahiliyya, da yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ba na jayayya da wannan. Amma hawaye ba ya cikin jerin, zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ma ba ya ciki. Malamanmu na farko sun fahimci haka. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum babu wani dalili a fili, ya ce shi na biyun daga jiki yake tasowa, kuma sai an haɗa da maganin jiki. Sama da shekara dubu ke nan, mu kuma har yanzu muna tambayar marar lafiya ko yana yin azkar.

Abin da ya dawo da ni kan hanya ba wani babban abu ba ne. Wani abokin aikina ne, wanda ba shi da yawan magana. Zai zo ya zauna, in na fara kalma ta maƙale ba zai ƙarasa min ba, zai jira, ko da minti nawa za ta ɗauka. Ya lura ina jin kunyar yin salla a zaune, sai wata rana ya tuna min hadisin Imrana bin Husaini, wanda ciwon basir ya dame shi, Annabi ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Daga nan ya ja kujera ya zauna kusa da ni muka yi la'asar tare. Bai ƙara komai ba. Shi ne kuma kaɗai ya taɓa juyawa ya tambayi matata, "Hajiya, ke fa, kina samun barci kuwa?" Ita da ke ɗaga ni, ta yi min wanka, ta sa min maɓalli, ba wanda ya taɓa tunanin cewa ita ma tana iya durƙushewa.

Mutane suna son su ji an ce ciwon ya zama alheri. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, sun yi nazari a shekarun 1990 a kan yadda wasu ke fitowa daga musiba da sabon ƙarfi, da kusanci da mutane, da zurfin imani. Amma su kansu sun ce wannan ba ya goge zafin, kuma ba kowa ke samunsa ba. Ni dai ga nawa lissafin. Na koyi rubutu da hagu, ko da yake kamar na ɗan aji biyu yake. Hannun dama bai dawo duka ba, kofi ma da hannu biyu nake ɗauka. Magana ta dawo, sai dai in na gaji takan maƙale. Yaran da ke zuwa gida ina yi musu darasi, masu in'ina da masu jinkirin fahimta sun fi kowa sakewa da ni, domin na san abin da ake ji in amsa tana kai amma ta ƙi fitowa. Addu'ata ta gajarta, amma yanzu na san abin da nake roƙa. Da an ba ni zaɓi, da ban zaɓi wannan hanya ba, kuma ban ga saɓo a faɗin haka ba. In akwai alheri a cikin jarrabawar mutum, a bari shi ya gano shi ya faɗa da bakinsa, ba a zo a sanar da shi yana kwance ba.

Roƙona ga wannan jarida shi ne ku riƙa haɗa likitocin ƙwaƙwalwa da malaman addini a shafi ɗaya, su amsa tambayoyin masu karatu tare, domin mutum ya daina jin cewa in ya je wurin wannan ya juya wa wancan baya. Limamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa duk wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma yi masa faɗa, asibiti ake kai shi, domin fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Sannan ku yawaita buga alamomin shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta rikice. Allurar da ke narkar da gudan jinin galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta, don haka duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ya ce bari a ga abin da gari zai waye da shi.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta