Zuwa ga Umma, daga Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Umma. Ina fatan kina lafiya, da Baba da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗagawa.

Na ji damuwarki a kan takwararki. Ki kwantar da hankalinki, tun da likita ya hana ta madara da ƙwai ƙurajen suka mutu, tana barci sosai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da muka je Kumasi City Mall ta ga yara suna cin fiza, cuku yana ta jan zare, ta tsaya tana kallo ba ta ce komai ba. Shi kuma babansu an ce ya rage nama saboda hawan jini. Shi ya sa na ɗaura ɗamarar yin tawa a gida, ba nama, ba cuku, ba ƙwai.

Umma, ashe abin nan ɗan'uwan gurasarmu ne. A Napoli ta ƙasar Italiya, inda fiza ta samo asali, akwai wadda suke kira marinara, tumatir ne kawai da tafarnuwa da ganyen oregano da man zaitun, babu cuku ko kaɗan. Da na ji haka sai na samu ƙarfin gwiwa.

Fulawa kofi 3 nake kwaɓawa da yis ƙaramin cokali 1, gishiri, mai cokali 2 da ruwan ɗumi kofi 1. In rufe kamar awa 1. Kumasi akwai laima, ƙullun yana saurin tashi amma yana kama hannu, sai na shafa mai. Tumatir daga kasuwar Kejetia nake saye, in markaɗa da tafarnuwa da albasa in dafa har ya ƙone ruwansa, don idan da ruwa tsakiyar ba ta gasuwa. Shito, soyayyen yajin da suke ji da shi a nan, ba na sawa, da busasshen kifi ake yin sa.

Gashin ne aikin. Murhun mutanen Napoli zafinsa ya wuce digiri 400, cikin minti 1 da rabi an sauke. Ni kurfoti gare ni. Sai in murza ƙullun ya yi fale-fale, in ɗora a kasko mai kauri, ƙasan ya yi ja in juya, sannan in shafa miyar, in rufe, in zuba garwashi a kan murfin yadda kike mana kek da Sallah. Gefen yana kumbura ya ɗan ƙone, nan ne yaran suke rububi.

A madadin cuku awara nake sawa, wadda nake yi da kaina da waken suya. In matse ta, in marmasa da gishiri da lemon tsami da ɗan mai. Ba ta narkewa, ba ta jan zare, amma tana shan miyar ta yi laushi. Wani lokaci in ƙara ganyen gwaza, kontomire a bakinsu, sai dai dole a fara dafa shi sosai, in ba haka ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Da na barbaɗa garin ƙuli a kai kuwa, babansu cewa ya yi bandashe ce ta biyo mu Gana. Takwararki yanzu har rabawa take yi wa 'ya'yan maƙwabta, tana cewa tata ce.

Don Allah idan masu goro za su taso, a ba su ƙuli-ƙuli da yajin nan naki mai citta da kanumfari, na nan bai kai shi ƙamshi ba. Ki gaishe da Baba da Gwaggo da su Yaya. A ci gaba da sa mu a addu'a.

'Yarki