Rahoton Shekara Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Malaman Tattalin Arzikin Noma

Assalamu alaikum malamai, ga abin da muka samu yi a shekarar nan da ta ƙare.

Babban aikin dai shi ne fitar da ɗalibai daga aji zuwa kasuwa, don mun gaji da ganin yaro ya haddace zanen buƙata da wadata a allo ya ci jarrabawa amma ka tambaye shi me ya sa masara ke faɗuwa da kaka ta tashi da bazara sai ya yi shiru. Mun kai ƴan aji uku kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano, kowa da littafinsa, suka zauna da dillalai suna tambayar kuɗin buhu, ladan dillali, kuɗin dako da na mota. Ƴan kasuwar da kansu suka yi musu bayanin yadda cire tallafin mai a Mayun 2023 ya hau kan kowane buhu, abin da lakca biyu ba ta shigar ba.

Sai aikin wake, wanda ni shi ya fi min daɗi. Kowane rukuni ya lissafa ko a sayar da kaka ko a zuba a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai leda biyu a ciki, a jira farashi, kuma dole su sa kuɗin buhun da ribar da kuɗin zai kawo da an juya shi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce malam to aikin da mamana da ƙannena ke yi a gonarmu fa, a ina zan rubuta shi tunda ba a biyansu? Nan muka tsaya, muka sa ta yi masa farashin ƙwadago na garinsu, ribar da take murna da ita ta ragu sosai, ajin ya yi tsit.

Mun kuma yi zama ɗaya kan bashin manoma na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fara a Kebbi a 2015, yawanci kan matsalar biya aka yi ta muhawara.

Ziyarar Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) ta Samaru, Zariya, ba ta yiwu ba, mota ta gagara kuma asusu ba nauyi, da yawanmu ba su biya kuɗin shekara ba. Don Allah a biya wajen ma'aji kafin a dawo hutu, muna so baɗi mu kai ɗalibai Kadawa a jihar Kano lokacin da tumatir ke cika kasuwa.