Wasiƙa daga Habasha: Na Je Ganin Waliya

Adis Ababa, Habasha

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da iyali duka. Ya zafin Kano? Ni kam sanyi na je na sha har na gode Allah.

Da aka ba mu hutu a wurin aiki sai na haura arewa, gandun dajin duwatsun Simiyen. Daga Gondar mota ke kai mutum garin Dabark, kimanin kilomita 100. Can ofishin gandun yake, kuma ba a barin kowa ya shiga sai an haɗa shi da ɗan rakiya mai bindiga. Nawa dattijo ne, da takalmin roba da bargo a kafaɗa, amma a hawa ko ƙurarsa ban gani ba. Ni taku kaɗan sai haki, don iskar can sama ba ta cika ƙirji.

Abin da ya kai ni wata akuyar daji ce, waliya, wadda babu ita ko'ina a duniya sai a duwatsun nan. Kai mayen ƙwallo ka san sunan, shi ne laƙabin 'yan wasan Habasha. Mun yi sammako daga sansanin Cenek, mai tsayin kusan mita 3,600, hannu ya ƙandare. Can sai dattijon ya taɓa ni, ya nuna da haɓa. Wallahi Sani, bunsuru ne ƙosasshe, gemu baƙi, ciki fari, ƙahonni masu gaɓa-gaɓa sun lanƙwasa baya. Yana tsaye kan wani ɗan dutse da bai fi faifai faɗi ba, ƙarƙashinsa rami ne da ido bai kai ƙarshensa, shi kuwa yana kiwonsa, ko a jikinsa. Birran gelada masu jan ƙirji kuma ga su nan birjik, suna zaune suna tsinkar ciyawa, ba ruwansu da kowa.

Ba banza ta maƙale a bakin ramuka ba. Farauta da gonakin sha'ir da dabbobin kiwo ne suka kora ta can. An kafa gandun a 1969, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1978, a 1996 ta ce yana cikin haɗari, sai 2017 ta cire shi daga wannan sahu. Kafin nan, a 2016, an tashi mutanen ƙauyen Gich daga cikin gandun aka mai da su Dabark. Wannan ya tsaya mini a rai. Ina son akuyar ta rayu, amma manomin da aka raba da gonar kakanninsa aka ajiye a gari, me zai ci in kuɗin diyya suka ƙare?

Ras Dashen, dutse mafi tsayi a ƙasar, ya haura mita 4,500, na bar mana shi sai ka zo. Ka taho da rigar sanyi ta gaske, ba irin ta hunturunmu ba.

Ka gaishe mini da Hajiya da 'yan majalisa.

Naka,
Kabiru