Baba, Motar Ta Samu Lamba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau a nan Birmingham ta ƙasar Ingila, sai sanyi da ya fara shigowa.

Albishir nake tafe da shi. Motar nan da nake haɗawa a garejin maigidana bayan an tashi aiki, wadda nake turo maka hotunanta tun tana ƙarafa zube a ƙasa, ta samu lamba, yanzu tana hawa titi da izinin hukuma. Ka tambaye ni ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Siffarta dai irin ta Lotus Seven ce, ƙaramar mota mai kujera biyu marar rufi, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957. A nan akwai kamfanonin da ke sayar wa mutum shasi da bodi sababbi, shi kuma ya nemo sauran. Ni injin da giya na ciro su daga wata tsohuwar Mazda MX-5 da tsatsa ta cinye ƙasanta amma injinta garau.

Ɗaure noti bai ba ni wahala ba, wannan ka riga ka koya min tun ina miƙo maka sifana. Aikin da ya fi cin rai shi ne shawo kan hukuma. Kafin a yi maganar lamba sai mota irin wannan ta ci wani gwaji da ake kira IVA, wanda hukumar duba motoci ta DVSA ke yi, kuɗinsa fam 450, in ta faɗi a sake biyan fam 90. Da ma a ce kana wurin ka gani, Baba. Jami'in ya ɗauko wata 'yar ƙwallo mai faɗin milimita 100 yana bin gaban motar da ita a hankali. Duk ƙarfen da ƙwallon ta taɓa sai ya sa ma'auni ya ga ko bakinsa a dakushe yake, don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa in an yi karo. Saboda haka tun a gareji na bi kan kowane noti da ke waje na sa masa hular roba. Daga nan ya ɗora ta a kan na'ura ya gwada birkin kowace taya, ya duba maleji, don doka ba ta yarda ya nuna ƙasa da gudun da ake yi ba. Ya kafa na'urar sauti kusa da salansa, ya zauna a kujerar direba ya leƙa madubai, ya duba inda aka ɗaure bel. Ina tsaye gefe ina ta salati a zuci har ya miƙo min takardar shaida.

Sai kuma DVLA da ke Swansea, masu ba da lamba. Su ba su ga motar tana gudu ba, abin da suke so su sani shi ne daga ina kowane babban ƙarfe ya fito. Na cika fom, na haɗa da rasit ɗin shasi, da takardar mallakar tsohuwar Mazdar, da hotunan aikin daki-daki, da inshora, da fam 55 na rajistar farko. Da yake shasin sabo ne, kuma manyan kaya biyu daga mota ɗaya suka fito da shaidarsu, sai aka ba ni lamba mai daidai da shekarun Mazdar. Wanda ya kasa kawo shaida lamba mai farawa da Q ake ba shi, alamar ba a tabbatar da asalin motarsa ba, kuma masu saye sukan yi ɗari-ɗari da ita. Ni ina ganin tsarin nan adalci ne, duk da tsadarsa, domin ta haka ne kayan sata ba sa samun hanyar komawa titi cikin sabuwar riga.

Shi ya sa nake roƙonka ka ja kunnen Auta. Inna ta ce ya fara tara ƙarafa daga Ƙofar Ruwa zai haɗa tasa. Na ji daɗi ƙwarai, kada a kashe masa gwiwa. Amma duk injin ko giyar da zai saya ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikinsa, ya ɗauki hoton kowace walda kafin fenti ya rufe ta, kuma kada ya yi rowar kuɗi a kan birki. Ya je ya tambayi jami'an duba motoci abin da za su nema tun yanzu, kafin aiki ya yi nisa.

Kuɗin makarantar yara da na maganinka na tura wa Yaya, a sanar da ni in sun iso. A gaishe min da Inna, da Gwaggo, da yaran gareji baki ɗaya. Ina neman addu'arku.

Wassalam,
Ɗanka