Abin da ke sa zanen Rothko ya kai dala miliyan 86

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu kan wani irin labari da kan fito jifa-jifa, cewa an sayar da zane na zallar launi, ba mutum ba doki ba bishiya, a kan miliyoyin daloli. Galibi ana kawo shi ne don a yi dariya a wuce. To amma kasuwar tana da ƙa'idojinta, kuma aikin mai zane Mark Rothko ya isa misali.

An haifi Rothko a 1903 a Dvinsk, cikin daular Rasha ta da, ya isa Amurka a 1913 yana yaro. Ya daɗe yana zana mutane da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, sai wajen 1949 ya tsaya kan salon da aka san shi da shi: manyan shimfiɗun launi biyu ko uku, wani bisa wani, gefensu a dishe, a kan ƙyallen da sau da yawa ya fi tsayin mutum. Daga nan kuɗin ya fara. Abin da ya zana kafin lokacin ba ya ko kusantar farashin na bayansa, kuma masu saye sun fi rububin masu ja da rawaya da ruwan lemo a kan masu duhu.

A watan Mayun 2012 gidan gwanjon Christie's ya sayar da zanensa mai suna Orange, Red, Yellow na 1961 a kan dala miliyan 86.9. A nan 'yan jarida kan yi tuntuɓe. An buga guduma, wato an rufe tayi, a kan miliyan 77.5 ne, ragowar la'ada ce da mai saye ke biyan gidan gwanjo. Adadin da ake bugawa ba shi ne abin da ya shiga aljihun mai kaya ba, shi kuwa mai zanen, wanda ya rasu tun 1970, bai ga ko sisi ba.

Sai tarihin hannun da zanen ya bi. Attajiri David Rockefeller ya sayi zanen Rothko mai suna White Center a 1960 kan kuɗin da bai wuce dala 10,000 ba, gidan gwanjon Sotheby's ya sayar masa da shi a 2007 a kan miliyan 72.8. Zanen yana da kyau, ba musu, amma shekara 47 a hannun mutum ɗaya sananne, ba yawo ba shakka, ita ma an saye ta.

Inda aka fi yin asara shi ne lafiyar zanen. Rothko kan shafa wa ƙyalle gam na fatar zomo haɗe da garin launi, sannan ya bi shi da fentin mai da aka tsinka sosai, shafi bisa shafi, wani lokaci da ƙwai a ciki. Wannan ne ke sa launin ya zama kamar haske na fitowa daga cikinsa, shi ne kuma ke sa ba ya jure wahala. Zane biyar da ya yi wa Jami'ar Harvard an rataye su a ɗakin cin abinci mai manyan tagogi. Jan da ya yi amfani da shi, Lithol Red, ba ya shiri da rana, ya koɗe har wasu wurare suka koma shuɗi-shuɗi, dole aka sauke su a 1979. Da aka sake nuna su a 2014 ba a taɓa fentin ba, na'ura aka sa tana haska musu launin da ya ɓace. A 2012 kuma wani ya yi rubutu da tawada a kusurwar zanensa mai suna Black on Maroon a gidan Tate Modern na Landan, tawadar ta ratsa har bayan ƙyallen, gyaran ya ci wata 18.

Ga kuma jabu. Shagon Knoedler na New York, wanda ya shekara 165 yana cinikin zane-zane, ya rufe a 2011 bayan an gano ya sayar da zanukan da wani mai zane ɗan Sin ya yi a gidansa a unguwar Queens, ana cewa na manyan masu zane ne. Ɗaya, da sunan Rothko, an saye shi dala miliyan 8.3 a 2004. Wani zanen da aka jingina wa mai zane Jackson Pollock gwajin sinadari ya tona shi, domin an sami rawayar da ba ta shigo kasuwa ba sai bayan rasuwar Pollock. Shi ya sa mai saye na gaske yakan fara duba ko zanen yana cikin kundin ayyukan Rothko da masanin tarihin zane David Anfam ya fitar a 1998. Daga nan ya nemi takardun kowane ciniki tun daga hannun mai zanen, ya juya bayan ƙyallen ya duba tambarin wuraren da aka taɓa nuna shi, sannan ya kai ɗigon fenti ɗakin gwaji. Labarin "wani attajiri da ba ya son a ambaci sunansa", wanda aka yi ta ba abokan cinikin Knoedler, ba takarda ba ne.

Ko gadon Rothko bai tsira ba. Ya bar zane kusan 800. Masu kula da wasiyyarsa suka sayar wa shagon Marlborough guda 100 a kan dala miliyan 1.8, biya a shekara 12 ba ruwa, alhali ɗayansu yana da alaƙar aiki da shagon. 'Yarsa Kate ta kai ƙara, a 1975 kotu ta tsige su, ta yanke diyya da tarar dala miliyan 9.2. Daga baya gidauniyarsa ta raba ɗaruruwan ayyuka ga gidajen adana zane, kaso mafi tsoka ya tafi babban gidan zane na ƙasa da ke Washington. Abin da ya shiga irin waɗannan gidaje da wuya ya sake fitowa, saboda haka manyan zanukansa na shekarun 1950 da suka rage a hannun mutane ba su da yawa, kuma a kan waɗannan ne attajirai ke taya juna.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai karatunku