Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Harkokin Teku: me ya sa kayan Kano ke sauka a Kwatano?

Mai girma Minista, Alhaji Adegboyega Oyetola,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana lafiya. Masu wannan takarda 'yan Arewa ne mazauna Legas, 'yan kasuwa da masu fiton kaya da masu tireloli, daga Apapa da Ijora har Alaba Rago. Ba za mu cinye maka lokaci da kirari ba.

Tun watan Agustan 2023 da aka ƙirƙiro ma'aikatarka aka damƙa maka tashoshin jiragen ruwa, amma har yau idan ɗan kasuwar Kantin Kwari ya yi odar kaya daga Sin, tambayar farko da ejansa zai yi masa ita ce: Legas ko Kwatano? Kuma sau da yawa Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake zaɓa, ko Lome ta Togo. Jamhuriyar Benin mutanenta wajen miliyan 14 ne, Togo ba ta kai miliyan 10 ba, ka haɗa su biyun ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na Najeriya ba. Duk da haka tun 2017 Lome ta wuce Legas a yawan kwantenar da ke ratsa ta. Mu ne masu cin kayan, su ne masu karɓar kuɗin sauke shi.

Ka san dalilin farko, zurfin ruwa. Tashar Lome ta haura mita 16, sabon sashen kwantenarta ya fara aiki a 2014, don haka manyan jirage can suke zubar da kaya, sai ƙananan jirage su kwaso mana namu zuwa Apapa da Tin Can inda zurfin yake wajen mita 13. Kowane sauke-ɗora kuɗi ne da kwanaki. Benin kuwa a 2018 ta kira hukumar tashar Antwerp ta Beljiyam ta ba ta ragamar gudanar da tashar Kwatano, ba ta ji kunyar cewa wani ya fi ta iya aikin ba. Za ka ce ai ga Lekki, mai zurfin mita 16 da rabi, wadda aka buɗe a farkon 2023. Gaskiya ne, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai tashar ba ta da layin dogo, kwantenar da za ta Arewa dole ta bi titin Epe zuwa Ijebu-Ode, tana rububin hanya da tankokin matatar Ɗangote, ko a ɗora ta a kwalekwalen kaya a maido ta cikin gari.

Amma ba zurfin ruwa ne ya kore mu ba, ranka ya daɗe. Abin da ke faruwa bayan kwantena ta taka ƙasa ne, kuma a nan muke so ka tsaya.

Kafin kaya su baro masana'anta an buɗe Fom M, takardar neman izinin shigo da kaya, a banki. Takardun jirgi su iso, banki ya tura wa kwastan, a jira PAAR, takardar da ke nuna ƙimar kaya da harajinsu. A biya haraji. A je kamfanin jirgi a biya nasa, haɗe da kuɗin ajiya na kwantenar kanta, wanda ba za a maido ba sai an mayar da ita fanko. A je wurin masu kula da tasha a biya nasu, a nemi ranar da za a sauko da kwantenar filin bincike. Ranar na iya kamawa bayan kwana uku, tana iya kaiwa mako. Ran da aka sauko da ita sai a fasa hatimi, 'yan dako su fito da katan-katan a jibge a ƙasa, rana ko ruwa, jami'an hukumomi daban-daban su zo kowa da lokacinsa. In ɗaya bai zo ba, ko bai sa hannu ba, a maida kaya a rufe, gobe a sake. Na'urorin haska kwantena da aka girka a Apapa da Tin Can da Onne a 2022 suna nan, amma mafi yawan kaya har yanzu hannu ke bincika su. Atamfa ta jiƙe, kayan gilashi su fashe, katan biyu su yi ƙafa, babu wanda za ka kama.

To ko an sallami kaya, ana iya danna musu alat, wato a sake tsayar da su, daga wani ofishin da bai ma ga kwantenar ba, a ce ƙimar ta yi ƙasa, a dawo a biya ciko. Duk wannan jira agogo biyu ne ke gudu a kan mai kaya: kuɗin zaman kwantena a filin tasha, da kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi. Kwanakin kyauta 'yan kaɗan ne, daga nan farashin ke hawa mataki-mataki, na mako na uku ya ninka na farko. Wanda ya jawo jinkirin ba ya biyan ko sisi. Mako biyu, mako uku kafin kaya su fita ba abin mamaki ba ne a Apapa, har an daina ɗaukarsa a matsayin matsala.

Sai tirela. A Fabrairun 2021 hukumar tashoshi ta kawo tsarin Eto: mota ta yi rajista a intanet, ta jira a garejin da aka amince da shi, a kira ta zuwa wurin jira na kusa da ƙofa, sannan ta shiga. Mun shaida ya rage layin da a da yake kaiwa har Surulere ta kan gadar Ijora. Amma tikitin da ke da farashi a rubuce ya zama hajar 'yan kamasho, kuma tsakanin Mile 2 da ƙofar Tin Can direba na tsayawa a shinge bayan shinge, wasu na masu kaki, wasu na matasa masu gora da rasit ɗin da ba a san ko na wa ba ne. Fita da kaya, biya. Dawo da fanko, biya, kuma in wurin ajiye fankon ya cika, tirela ta zama sito, tana kwana a titi da kwantena a bayanta, kuɗin ajiyar mai kaya na narkewa kullum. Mai mota ya ɗora asararsa a kuɗin dako, ɗan kasuwa ya ɗora a kan yadi, tela a Fagge ya ɗora a kan mai ɗinkin sallah.

Ɗan kasuwa yana iya jure tsada in ya san iyakarta. Abin da Kwatano da Lome ke sayar masa ke nan: ejan zai faɗa masa abin da zai kashe da ranar da kaya za su fita, kuma galibi maganar ta tsaya kusa da haka. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowace yuro ɗaya, lissafin da ka yi a watan Rajab shi ne na Sha'aban. Mu kuwa a farkon 2024 farashin dalar da kwastan ke lissafa haraji da shi ya riƙa sauyawa sau da dama cikin wata guda, har sai da Babban Banki ya ba da umarnin a yi amfani da farashin ranar da aka buɗe Fom M. Mun san kwastan da canji ba a ƙarƙashinka suke ba. Amma a majalisar zartarwa ɗaya kuke zama da Ministan Kuɗi, kuma jirgin da ya juya zuwa Lome daga littafinka ya fita.

Bari mu tuna maka alƙawura, tunda takardunsu na ofis. A 2011 gwamnati ta ce ta rage hukumomin da ke tasha, za a riƙa fitar da kaya cikin awa 48. A Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a umarnin cewa Apapa ta yi aiki awa 24, hukumomi su yi bincike tare sau ɗaya. A Afrilun 2024 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shirin taga ɗaya, inda za a shigar da takardu sau ɗaya a kwamfuta kowace hukuma ta gani. Kai ma ka sha yin maganar gyaran Apapa da Tin Can da wajen dala biliyan 1. Ma sha Allah, in da sanarwa na fitar da kwantena, da yanzu 'yan Singafo ke zuwa Apapa ɗaukar darasi. Ka aika wanda ka yarda da shi, ba tare da jiniya ba, ya je filin bincike ƙarfe goma na dare ya ƙirga jami'an da zai samu a bakin aiki.

Abin da ya fi ciwo shi ne damar Nijar. Shekara da shekaru mafi yawan kayan Nijar ta Kwatano suke bi, su haura Parakou, su tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan hanya ta toshe, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Yamai ta ci gaba da rufe nata ɓangaren. Ina kayan suka koma? Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, doguwar hanya mai haɗari. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram, 'yan uwanmu na jini, waɗanda Katsina da Kano suka fi musu Yamai kusa, sun gwammace wannan wahala da su biyo ta Apapa. Akwai siyasa a ciki, ba mu musa ba. Amma tun kafin juyin mulki ma ba sa zuwa. Ga tashar tudu, inda ake sallamar kwantena ba sai a bakin teku ba, ta Kaduna tun 2018, ga ta Dala a Kano tun Janairun 2023, ga ta Funtuwa, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, alhali sabon layin da ya tashi daga Apapa a Ibadan ya tsaya. Daga can sai titi, ko tsohon siririn layin da ya isa Kano tun zamanin Turawa.

Kada a ce fasa-ƙwauri muke karewa. Mun san wani kaso na kayan da ake rubuta wa Nijar a Kwatano Najeriya yake dawowa ta daji. An hana shigo da mota ta kan tudu tun Janairun 2017, an rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi tsada, masu babura suka yi kuɗi, Apapa ba ta gyaru ba. Muddin hanyar halas ta fi ta daji tsada da jinkiri, shinge ba zai hana komai ba.

Kuma bambancin ya fara bayyana a tukunyar talaka. Mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne tun Janairun 2023. Ko a lissafa naira biyu kowace sefa, alhali 'yan canji a kan iyakar Seme ba za su sayar maka da ita da araha haka ba, naira 104,000 ke nan, ya wuce 70,000 na tarayya, ya wuce 85,000 na Jihar Legas. Hauhawar farashi a nan ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, a can ba ta kai kashi 3 ba. A Glo-Djigbé, kilomita 45 daga Kwatano, sun kafa yankin masana'antu suna saƙa audugarsu suna ɗinka riguna zuwa Turai da Amurka, mu masaƙun Kakuri a Kaduna sun zama kango. Wani ɓangare na wutar da suke amfani da ita ma ta layin Ikeja zuwa Sakete take tafiya. Benin ba aljanna ba ce, talauci na nan jibge a karkararta, arewacinta na fama da 'yan bindiga. Amma ƙasar da ba ta da abin da muke da shi ta riƙe tasharta da kyau tana ci daga gare ta.

Don Allah, ranka ya daɗe, abubuwan da muke roƙo ba sa jiran dala biliyan. A tsayar da bincike ɗaya, rana ɗaya, duk hukumar da ba ta zo ba ta rasa damarta. Kwantenar da na'ura ta haska ba a ga komai ba ta wuce, kada a fasa ta. Idan jinkiri daga hukuma ne, agogon kuɗin zaman kwantena ya tsaya, majalisar masu shigo da kaya da ke ƙarƙashinka tana da hurumin bin wannan. A sa wa kamfanonin jirgi wa'adin maido da kuɗin ajiyar kwantena. A wallafa sunayen shingayen da doka ta sani daga Mile 2 zuwa ƙofar tasha, a kwashe saura. Kayan da aka rubuta wa Dala ko Kaduna su bar Apapa da hatiminsu, a bincika su can. Sannan duk wata a fito da matsakaicin kwanakin da kwantena ke yi a kowace tasha, a ajiye kusa da na Kwatano da Lome kowa ya gani.

Akwai maganar masu fitar da riɗi da citta da zoɓorodo da kayansu ke yin gumi a kwantena suna jiran shiga tasha, akwai ta shingayen Agbara zuwa Seme, waɗannan sai wata takardar. In ka shirya zama da masu wannan aiki, a yi shi a Apapa, ranar aiki, kuma a gayyato direbobi.

Wassalam,

Wasu 'yan kasuwa, masu fiton kaya da masu tireloli, Apapa, Legas.